Muddin Gungumen Yana Ci

Gandun Penrow, bakin kogin Chowan, Karolina, ƙasar Amurka, 1862

Laraba, 24 ga Disamba, da yamma

An shigo da gungumen Kirsimeti ɗazu. Ƙartin gandu ne suka kinkimo shi daga fadama suna nishi suna waƙa, Isham masassaƙi a gaba, suka lalata mini darduma da taɓo. Tun da aka kawo ni gidan nan ban ga mai kaurinsa ba, sai da aka sassabe masa gefe kafin ya shiga murhun falo. Mijina Lucius ya zagaya shi yana dariya ya ce, “Kai Isham, wannan ice ne ko kada kuka kamo mini? Tun yaushe yake kwance a ruwa?” Isham ya sunkuyar da kai ya ce, “Haba Maigida, busasshe ne ƙayau, taɓa ka ji.” Ruwa kuwa na ɗiga daga jikinsa har kan takalmin Lucius. Kowa ya fashe da dariya.

Duk shekara haka suke yi, mu ma mun sani. Al'adar gidan ce tun kakan Lucius: muddin gungumen bai cinye ya rabu biyu ba, bayi hutu suke. Ba gona, ba ƙararrawa, ba kiran suna da safe, mai dangi a wani gandu ya je ya gan su. Yawanci yana leƙa sabuwar shekara sai ya karye.

Maƙwabcinmu Kanar Bledsoe ya ci abinci da mu. Shi tuni ya kwashe bayinsa ya yi tudu da su, nesa da kogi. Ya nuna murhu da cokali ya ce, “Lucius, ɗana, bar wasan icen nan. Jiragen ruwan sojojin Arewa da muke yaƙi da su suna bakin kogi, bayi na gudu wurinsu. Ka tattara mutanenka gobe, tun kana da na tattarawa.” Barasa ta riga ta hau wa Lucius kai. Ya miƙe tsaye, a gaban Kanar da masu zuba mana abinci, ya ce, “Ba a taɓa yin ɗan gidan Penrow da ya kaɗa ƙararrawa gungume na ci ba. Ranar da ya karye mu tashi, kafin nan ko wuni ba zan rage musu ba. Mutanena ba irin naka ba ne, Kanar. A hannuna aka haife su.” Kanar ya ce, “Nawa ma a hannuna aka haife su, amma kowanne da ƙafafunsa ya zo.” Lucius bai yi dariya ba. In ya furta magana a gaban namiji ɗan'uwansa, gara ya rasa gida da ya janye ta, kuma wannan halin nasa ya ishe ni.

Ni dai abin da ya dame ni ɗana Ned ne. Bai kai wata shida ba, kuma bai cika ƙwari ba. Ba ni da ruwan nono, ban taɓa samu ba, Rhody matar Isham ce take shayar da shi. Ita za ta zauna da mu. Isham zai tafi tudu da sauran, haka ma 'yarsu Lettie. Ni na ba da shawarar a tafi da yarinyar, don hankalin Rhody ya tsaya wuri ɗaya. Ai dama ba nonon uwarta take sha ba, tun da aka haifi Ned aka maida ita kan na akuya a wurin Inna Juno mai girki. Tsohuwar ta yi ta gunaguni a lokacin, na ce mata nonon akuya ba ya kashe yaro.

Alhamis, 25 ga Disamba, da azahar

Mun raba kaya a baranda: takalma, taba, da ɗan gishiri, don bana gishiri ya fi sukari daraja. Kowa na ihun neman kyautarsa ban da Rhody. Ta tsaya can gefe da Lettie a kafaɗa. Na kira ta, na kama hannun yarinyar don in yi mata wasa. Wuyan hannunta bai fi mariƙin cokali kauri ba. Wasu yaran haka jikinsu yake, ba sa ƙiba.

Ned ya hango Rhody ya fara zillo a hannuna kamar ana tsunkulinsa. Na miƙa mata shi. Sai da ta ajiye tata a ƙasa kafin ta karɓe shi.

Asabar, 27 ga Disamba, da hantsi

An yi tsawa daga wajen kogi, sama kuwa tas babu gajimare.

Lahadi, 28 ga Disamba, bayan coci

Na shiga madafa in ba da garin masara, na tarar da Inna Juno tana fere dankali. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Uwargida, kin yi tanadin abin da ɗan nan zai sha?”

Na ce, “Wane irin tanadi? Rhody ta mutu ne?”

“Rhody na nan. Amma nono ba famfo ba ne, Uwargida. Ranar da mace ta ga an ɗora mijinta da 'yarta a keken shanu, ranar yake ƙafewa. Na gani a jikin uwata, na gani a nawa.”

Na ce ta kama bakinta, tsufa ba hauka ba ne. Ta ce, “To,” ta ci gaba da fere.

Ban iya cin abincin rana ba. Daga tagar ɗakina ana hango ƙananan duwatsun nan biyu na kaburburan jariraina a gindin itacen bayan gida. Ba na kallon wajen, amma yau na kalla.

Na sami Lucius yana goge bindiga na ce a bar Lettie, in da hali har da Isham. Ya ce, “Octavia, ke fa kika ce a tafi da ita. Na riga na faɗa wa Kanar waɗanda za su tafi. So kike ya ce mace ce ke juya ni?” Na ce ɗansa fa? Ya ce Rhody saniyar kirki ce, kuka na wuni biyu za ta yi ta manta. Na tsani muryarsa a lokacin, na tsane ta ƙwarai.

Talata, 30 ga Disamba, da la'asar

Maza sun fita farauta. Na sauko neman allurata, na ji wani sauti a falo kamar an tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa. Inna Juno ce durƙushe a bakin murhu da butar shayi, tana tsiyaya ruwa a bayan gungumen, ta inda ido ba ya kai wa, tana rufewa da toka. Ta juyo muka haɗa ido. Ba ta ɓoye butar ba.

Da a ce bara ne, da na san abin da zan yi. Jiƙa shi a fadama wasa ne da kowa ya yarda da shi, amma zuba masa ruwa a murhu sata ce, kuma Lucius ba ya yafe ta.

Na ɗauki allurata a kan kujera na ce, “Inna, falon nan akwai hayaƙi, a buɗe taga.” Ta ce, “To, Uwargida.”

Muddin gungumen yana ci, Isham na nan, Lettie na nan, Rhody na da nono. Ban yi wani laifi ba, ban ga komai ba.

Alhamis, 1 ga Janairu, 1863, da yamma

Sabuwar shekara, kuma gungumen ko alamar tsagewa bai yi ba. Ya yi baƙi, ya ɗan rame a tsakiya, shi ke nan. Lucius ya zungure shi da ƙarfe ya yi tsaki.

Bukkokin bayi tsit wunin nan. Sauran shekaru goge da tafi ba sa barin mutum ya runtsa, yau ko kaza ban ji ba. An ce sun shiga kurmi yin addu'a. Akwai wata magana da aka ce an yanke a Arewa game da bayi, wadda za ta fara aiki yau, Lucius ya hana a ambace ta a gidan nan, don haka ni ma ba zan ambata ba.

Ned ya sha sosai, ya yi gyatsa, ya yi barci da hannunsa a cikin rigar Rhody.

Juma'a, 2 ga Janairu, da azahar

Inna Juno ta kwana da ciwon ƙafa, ba ta hawo ba. Na shiga falo na ga wutar ta kama tsakiyar gungumen tana ci bil haƙƙi.

Butar shayi ta fi nauyi fiye da yadda na zata. Na ƙona gefen hannun rigata.

Lahadi, 4 ga Janairu, da safe

Na tsaya a baranda ina kallon hayaƙin bukkoki. Layin da ke kusa da fadama babu hayaƙi ko ɗaya, da wannan sanyin. Na tambayi Rhody ina mutanen can. Ta ce, “Sun je ganin dangi, Uwargida. Ai hutu ne.” Na ce dangin nasu a ina, tunda Kanar ya kwashe nasa? Ta gyara wa Ned hula ta ce, “Dangi ba sa ƙarewa, Uwargida.”

Kwale-kwalen da ake ɗaurewa a mashigi ba ya nan. A ɗakin ajiya na ga ƙugiyoyi babu naman da na rataya da hannuna. Lucius bai lura ba. Tun da mai kula da gandu ya tafi yaƙi, ƙararrawa da kiran suna ne kaɗai idonsa, kuma ya rantse ba zai taɓa su ba.

In na faɗa masa, yau ɗin nan zai ɗaure waɗanda suka rage ya tashi. Can su tafi, 'yan gona ne, ba su dame ni ba. Rhody ba za ta tafi ba. Yadda take kallon Ned, uwa ma sai haka. Ni ce nake riƙe mata miji da 'ya, ko ba ta sani ba.

Litinin, 5 ga Janairu, da la'asar

Na ɗauki Ned na sumbace shi, sai na ji warin akuya a wuyansa. Rigarsa ta jiƙe da wani abu fari. A ƙarƙashin matashinsa na tsinci ƙaramin cokalin azurfan da na gada.

Na ce, “Rhody, mene ne wannan?”

Ta ce, “Ɗan taɓa masa na yi a baki, Uwargida. Ya ƙi ma, duk ya tofar.”

“Ɗana za ki ba abincin 'yarki? Nonon naki ina ya tafi?”

“Yana nan, Uwargida.”

“To in na sake jin warin nan a jikinsa, ni da ke ne.”

Ta kafa idonta a ƙasa. Shirun Rhody ya fi rashin kunyar wata cin rai.

Talata, 6 ga Janairu, da hantsi

Warin na nan.

Talata, da yamma

Tafin hannuna na zafi, ba na iya riƙe alƙalami da kyau. Ned ya yi ta kallon kumatun Rhody yana shan nono. Ita ta jawo.

Alhamis, 8 ga Janairu, da azahar

Kanar ya zo a kan doki, ko sauka bai so yi ba, sai da Lucius ya ja shi falo. Ya tsaya a gaban murhu ya riƙe ƙugu ya ce, “Ikon Allah! Lucius, icen nan naka sai ya binne mu duka. Jiya an ga jirgi ya wuce mashigin Gaskin. Ka sa masa ƙafa ɗaya mana, wa zai sani?”

Lucius ya ce, “Ni zan sani.”

“To ka bincika, akwai mai shayar da shi. Ice ba ya yin haka don kansa.”

Fuskar Lucius ta yi ja. Bayan tafiyar Kanar ya hana kowane bawa shiga falo, shi zai riƙa zuba itace da kansa. Ya kulle ƙofar ya kawo mini makulli ya ce, “Haɗa da naki, Octavia. A gidan nan ke kaɗai na yarda da ke.” Na karɓa na rataya a ƙuguna tare da sauran.

Da ya fita duba dawaki na shiga. Yanzu na iya, ba na ƙonewa.

An sake tsawar nan, yau har gilashin taga ya amsa.

Asabar, 10 ga Janairu, da hantsi

Na gan su a bayan madafa, a inda rana take. Akuyar madafa mai baƙin kunne tana ɗaure, Inna Juno na riƙe da kofi, Rhody ta kwantar da Ned a cinyarta. Lettie na kan buhu a ƙasa, ido kawai. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga maƙogwaron Ned yana motsi. Yana haɗiya. Ya shanye cokali ya buɗe baki yana neman ƙari, kamar ɗan tsuntsu.

Rhody ta dubi Inna Juno, Inna Juno ta dube ta. Ban ji daɗin kallon nan ba.

Na ce, “Ba na hana ba?”

Rhody ta ɗago, kumatunta bai gama sacewa ba. Ta ce, “Gara ya iya, Uwargida. Ba daɗi yaro ya san ƙofa ɗaya tak.” Sannan ta ce, “A ɗan ɗumama shi, kada ya yi zafi. A ƙara ruwa kaɗan. In ya kau da kai kada a matsa masa, a jira.”

Na ce wa take koya wa, ni? Ta ce, “Faɗa kawai na yi.”

Ban sake ɗaga mata hannu ba. Na gaji ne.

Lahadi, 11 ga Janairu, da azahar

Mun dawo coci na buɗe falo, zafi ya buge ni tun daga ƙofa. Ƙamshin ƙaro ya cika ɗakin. An cusa guntayen icen nan mai maiƙo, wanda ake hura wuta da shi, a bayan gungumen da ƙarƙashinsa, wuta na lasarsa ta kowane gefe. Makulli na ƙuguna. Tagar ce a buɗe, wadda na ce a riƙa buɗewa saboda hayaƙi.

Na juye buta guda, na koma na ciko wata. Tururi kawai yake yi, wutar ko a jikinta.

Na ruga madafa na ce, “Inna, wa ya yi wannan? Ba ku san in ya karye za a tafi da su ba?” Ta ce, “Ice ne, Uwargida. Ai dama ranarsa zai yi ya karye.” Ta ci gaba da dama kunu.

Ina jin tsoro. Ban san na mene ne ba.

Lahadi, da faɗuwar rana

Rhody ta daɗe tana shayar da Ned, wannan ɓangaren, ta juya shi wancan, ta sake dawo da shi. Ya ƙoshi ya saki, ta sake sa masa. Ta yi masa wanka ba a sa ta ba. Da za ta fita ta ce, “Sai da safe, Uwargida,” kamar kullum.

Litinin, 12 ga Janairu, da hantsi

Gungumen ya karye da wayewar gari. Ƙarar faɗuwarsa ce ta tashe mu. Lucius ya sauko da rigar barci yana murna kamar an yi masa haihuwa, yana cewa, “Kin gani? Na cika maganata! A je a gaya wa Kanar!” Ya fita tsakar gida ya kama igiyar ƙararrawa da kansa.

Na koma ɗaki na ga gadon Ned a jikin nawa. Alhali a ɗakin Rhody ya saba kwana. Yana barci, an sa masa rigarsa mai kyau, cokalin azurfa na kan bargonsa.

Lucius ya yi ta kaɗawa. Inna Juno ta fito tana jan ƙafa, sai wani tsoho makaho da tsohuwar da ke yi masa jagora. Suka jera a inda layi yake tsayawa. Lucius ya dube su, ya dubi bukkoki, ya ci gaba da kaɗawa. Har yanzu da nake rubutun nan yana kaɗawa.

Litinin, da la'asar

Sun tafi, har Rhody. Sun kwashe kaji, aladu, tukwane, har gatarin Isham da kayan sassaƙarsa. Akuyar nan mai baƙin kunne kaɗai suka bari. Na same ta ɗaure a ginshiƙin baranda, daidai ƙofar da nake fitowa, da kofi a kife kusa da ita.

Lucius ya hau doki ya yi wajen kogi da bindiga. Ya dawo shi kaɗai, ya shiga falo ya zauna yana kallon toka. Ya ce, “Na cika musu alkawari, Octavia. Har da ƙari.” Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba.

Ned ya farka yana juya kai yana nema. Ya kama gaban rigata ya tsotsa, ya saki, ya tsala ihu.

Talata, 13 ga Janairu, da safe

Akuyar ta shure ni, ta zubar da kofin. Ned ya dishe.

Laraba, 14 ga Janairu, da yamma

Na iya tatsa yanzu, kaɗan. Inna Juno ta ce yatsunta sun sandare, ba za ta iya ba, sai dai ta zauna a kan turmi tana kallona. Na ɗumama, ban bari ya yi zafi ba. Na ƙara ruwa kaɗan. Da ya kau da kai na jira. Ya sha, ya amayar da rabi.

Na ce, “Inna, ta san ba zai isa ba. Yaya za ta yi masa haka? Ai tana sonsa.”

Ta ce, “Tana sonsa mana. Jirgi na jira, mijinta na roƙo, ta ce ba inda za ta sai ɗan nan ya iya haɗiya. Ke a zatonki don wa muke ta zuba wa icen nan ruwa?”

Na ce, “To in bai riƙe ba fa? Inna, in bai riƙe ba?”

Ta dube ni. Ba ta kira ni Uwargida ba. Ta ce, “Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Nonon akuya ba ya kashe yaro. Ke kika faɗa.”

Yana barci yanzu. Na zagaya wuyan hannunsa da yatsuna biyu, na auna. Gobe zan sake aunawa.